Mumbari da Mabuɗin Ƙofa: Tarihin Ibada a Wata Majami'ar Boston, 1729 zuwa 1969

A birnin Boston, cikin Jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka, akwai wata majami'a ta dutse a kusurwar Titin Arlington, tana fuskantar lambun shaƙatawa na gari. Jama'ar da ke taruwa cikinta ran Lahadi ta girmi ginin da shekara 132, ta kuma girmi ƙasar Amurka kanta. Abin da ya bambanta wannan jama'a da yawancin majami'u shi ne, ba ta da rubutacciyar kalmar shaida wadda a ke tilasta wa mutum ya furta kafin a karɓe shi. To, inda babu irin wannan kalma, nauyin addini duka sai ya koma kan abin da a ke faɗi da abin da a ke rerawa a wurin ibada. Wannan takarda za ta bi tarihin ibadar jama'ar daga 1729 zuwa 1969, don a ga irin maganganun da aka riƙa ɗaukowa bisa mumbari, na ruhi da na zaman jama'a da na al'ada, a kuma ga wanda ke da ikon cewa a ɗauko su ko a bar su.

Kalma biyu na bukatar bayani tun da fari. Ta farko ita ce Yunitariyan, sunan ɗariƙar da jama'ar ta shiga daga baya. Tushenta kalmar Latin ce mai ma'anar ɗayantaka, aka laƙaba ta ga Kiristan da suka ƙi aƙidar Uku-cikin-Ɗaya, suka ce Allah ɗaya ne tak, Isa Almasihu kuwa yana ƙarƙashinsa. Musulmi zai ji wannan magana ta yi kusa da tauhidi, amma kada ya ɗauka sun bar addininsu, gama da Littafi Mai Tsarki suka kafa hujja, suna kuma kiran kansu Kirista. Ta biyu ita ce wadda a kan fassara da "masu sassauci". A Hausa sassauci ya kan yi maƙwabtaka da sakaci, ba kuwa shi a ke nufi ba. Kalmar Turancin ta fito daga tushen Latin mai ma'anar ɗa, watau wanda ba bawa ba. Nufinsu shi ne hankalin mutum da zuciyarsa 'ya'ya ne a sha'anin addini, ba mai ɗaure su. Za a ga a gaba yadda wannan suna ya zame musu abin tuhuma sa'ad da maganar bayi na ainihi ta taso.

Baƙi a Dogon Lungu

Waɗanda suka kafa jama'ar baƙi ne, 'yan asalin Sikotlan da suka zauna arewacin Ailan kafin su ƙetaro teku. Cikin 1729 suka fara taruwa a wata rumfar ajiyar kayan gona, a wata hanya da a ke kira Long Lane, watau Dogon Lungu, limaminsu kuwa John Moorhead. Har sunan majami'ar ma yana ɗauke da kalmar baƙi. Aƙidarsu ita ce ta John Calvin, malamin birnin Jeneba na ƙarni na 16, wanda ya koyar cewa an haifi ɗan Adam cikin zunubi, ba shi da ikon ceton kansa, kuma Allah ya riga ya zaɓi waɗanda zai ceta tun fil azal.

Tsarin ibadarsu irin na ƙasar ne a wancan zamani, ba ado, ba littafin addu'a da a ke bi kalma kalma. Limami ya kan yi doguwar addu'a da ka, a karanta Littafi, a rera Zabura, sa'an nan a yi wa'azi, wanda shi ne zuciyar taron. A kan taru da safe, a kuma komo da rana. Irin wannan tsari ya ba limami ƙarfi ƙwarai, don kuwa abin da ya zaɓa ya faɗa shi ne ibadar ranar, abin da ya bari kuwa ba wanda zai ji shi.

Bayan yaƙin neman 'yancin kai, jama'ar ta bar tsarin mulkin majami'u irin na Sikotlan, ta koma wanda kowace jama'a ke mulkin kanta, ta zaɓi limaminta, ta sallame shi in ta ga dama. Cikin 1787 ta naɗa Jeremy Belknap, masanin tarihi. A shekarar da ta biyo, wakilan Massachusetts suka zauna cikin wannan majami'a don muhawara a kan tsarin mulkin Amurka, ran 6 ga Fabrairu 1788 suka amince da shi da ƙuri'a 187 a kan 168. Sabo da haka aka sake wa lungun suna Federal Street, watau Titin Tarayya. Tun daga nan ɗakin ibadar ya san maganar mulkin ƙasa.

Cikin 1795 Belknap ya buga littafin waƙoƙin ibada da ya tattara, ya gyara kalmomin waɗansu, littafin kuwa ya sami karɓuwa a majami'un masu sassauci. A nan akwai abin lura ga mai nazarin harshe. Limaman Boston na wancan zamani ba su hau mumbari suka kai wa aƙidar Calvin hari ba. Daina ambatonta suka yi. Kalmomin fushin Ubangiji da lalacewar ɗan Adam suka riƙa raguwa cikin wa'azi da waƙa, na alheri da kyawun hali suka riƙa ƙaruwa, har yaro ya tashi bai taɓa jin tsohuwar maganar ba. Sauyin aƙida da shiru ya fara shigowa.

Channing da maganar ruhi

Ran 1 ga Yuni 1803 aka naɗa William Ellery Channing limamin Titin Tarayya, yana da shekara 23. Mutum ne ƙarami a jiki, marar cikakkiyar lafiya, mai taushin murya, amma jama'a ta yi ta ƙaruwa har aka gina sabuwar majami'a cikin 1809. A lokacin rigima ta riga ta ɓarke tsakanin malaman jihar, tun da aka ba Henry Ware, mai sassauci, kujerar ilimin addini a Harvard cikin 1805. Cikin 1815 masu riƙon tsohuwar aƙida suka zargi limaman Boston da ɓoye abin da ke zuciyarsu. Shirun nan bai ƙara yiwuwa ba.

Ran 5 ga Mayu 1819, a birnin Baltimore, wajen naɗin wani saurayin limami mai suna Jared Sparks, Channing ya yi wa'azin da ya ɗauki kimanin sa'a ɗaya da rabi, ya karɓi sunan Yunitariyan a fili. Ya fara da hanyar karanta Littafi. A ganinsa littafi ne da aka rubuta domin mutane cikin harshen mutane, sabo da haka sai a nemi ma'anarsa yadda a ke neman ta kowane littafi, a duba zamanin marubuci, da waɗanda ya ke yi wa magana, da salon harshensa, a san inda ya yi zance kai tsaye da inda ya yi misali. Daga wannan hanya ya kai ga cewa Allah ɗaya ne, Isa ba Allah ba ne, kuma Uba mai adalci ba zai halicci 'ya'ya cikin lalacewa sa'an nan ya hukunta su a kanta ba. Aka buga wa'azin, ya yaɗu ƙwarai. Cikin Mayu 1825, a wani ɗaki na majami'ar Titin Tarayya, aka kafa ƙungiyar Yunitariyan ta Amurka, mataimakin Channing, Ezra Stiles Gannett, ya zama sakatarenta na farko.

Maganar da Channing ya fi maimaitawa bisa mumbari ita ce darajar ran ɗan Adam. Ya koyar cewa cikin kowane mutum akwai hankali da sanin ya kamata, waɗanda su ne kamanninsa da Mahaliccinsa, aikin addini kuwa shi ne a rene su har su girma. Ibada a wurinsa makaranta ce ta gyaran hali. Masu sauraronsa, attajirai da lauyoyi da malamai, sun ji daɗin wannan koyarwa, gama ta ɗauke musu tsoron wuta, ta ba su girma. Ta kuma haifi ayyuka. Abokinsa Joseph Tuckerman ya fara aikin limanci cikin talakawan Boston a 1826, yana bin su gida gida. Dorothea Dix, wadda ta yi renon 'ya'yan Channing, ita ce daga baya ta zaga jihohi tana fallasa yadda a ke tsare masu taɓin hankali cikin kurkuku. Amma koyarwar tana da wani reshe da masu sauraro ba su hango ba. In kowane rai yana da wannan daraja, ina matsayin wanda a ke sayarwa a kasuwa?

Masu benci da maganar bauta

Don a gane abin da ya biyo baya, sai an san yadda a ke riƙe majami'a a Boston a wancan zamani. Wurin zama sayensa a ke yi. Kowane gida mai hali yana da bencinsa, an kewaye shi da katako da 'yar ƙofa, dukiya ce da a ke gada, a ke kuma biya wa kuɗi kowace shekara. Daga wannan kuɗi a ke biyan limami. Masu benci su ne masu ginin, su ke zaɓen kwamitin da ke riƙe da mabuɗi. Limami yana da mumbari, kwamiti yana da ƙofa.

Massachusetts ta kawar da bauta a cikin iyakarta tun wajen 1783, ta hanyar hukuncin kotu. Amma arzikin Boston bai rabu da ita ba. Masaƙun garin Lowell, waɗanda attajiran Boston suka kafa, da audugar da bayi suka noma a jihohin kudu su ke aiki, jiragen ruwa da bankuna da kamfanonin inshora duk suna ci daga wannan ciniki. Da yawa cikin masu benci a Titin Tarayya daga wannan aji su ke. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, limaman gari kuwa yawancinsu sun yi askin, suka bar maganar.

Channing ya san bauta da idonsa. Yana saurayi ya yi aikin koyarwa a Richmond ta Jihar Virginia, kuma cikin hunturun 1830 zuwa 1831 ya je jinya tsibirin St. Croix, ya ga bayi a gonakin rake. Duk da haka ya daɗe yana jinkiri, don ba ya son zafin harshen masu yaƙi da bauta irin su William Lloyd Garrison, wanda ya fara buga jaridarsa a Boston cikin 1831. Ran 21 ga Oktoba 1835 taron mutane, cikinsu har da masu kyawawan tufafi, suka kama Garrison suka ja shi da igiya a titunan gari. Cikin Disamba na shekarar Channing ya fitar da littafinsa a kan bauta. Hujjarsa ita ce dai koyarwarsa ta ran Lahadi, cewa mai hankali da sanin ya kamata ba ya zama dukiyar wani. Garrison ya ga littafin ya yi laushi da yawa, attajirai suka ga ya wuce gona da iri. Cikin 1837, da aka kashe Elijah Lovejoy, mai buga jarida, a Alton ta Jihar Illinois, Channing ne ya jagoranci neman a yi taron nuna ƙin yarda a babban zauren gari.

Sa'an nan aka zo shekarar 1840. Channing yana da aboki, Charles Follen, Bajamushe da ya gudo daga ƙasarsa sabo da siyasa, ya zama malamin Jamusanci na farko a Harvard, ya rasa kujerarsa cikin 1835 bayan ya yi fice wajen yaƙi da bauta, ya koma limanci. Ran 13 ga Janairu 1840 jirgin ruwan da Follen ya shiga daga New York, mai suna Lexington, ya kama wuta da dare, mutum 4 kaɗai suka tsira, shi ba ya cikinsu. Ƙungiyar yaƙi da bauta ta Massachusetts ta nemi a ba ta majami'ar Titin Tarayya don taron tunawa da shi, Channing ya goyi bayan roƙon. Kwamitin masu benci ya hana. Sai cikin Afrilu aka yi taron a wani zaure dabam.

Limamin da ya yi wa jama'a aiki shekara 37 bai iya buɗe ƙofar majami'arsa don makokin amininsa ba. Channing ya yi wa'azi a kan rasuwar Follen, gama mumbari nasa ne, amma daga nan ya bar karɓar albashi, bai ƙara hawa ba sai jefi jefi. Jawabinsa na ƙarshe a garin Lenox ya yi shi, ran 1 ga Agusta 1842, don tunawa da 'yanta bayi a tsibiran da Ingila ke mulki a yammacin tekun Atlantika. Ya rasu ran 2 ga Oktoba na shekarar.

Gannett, wanda ya gaje shi, ya ƙi jinin bauta, amma ya fi tsoron wargajewar tarayyar ƙasa. Da aka kafa dokar 1850 wadda ta tilasta wa mutanen arewa mayar da bawan da ya gudo, ya tsaya a kan bin doka. A wani gefen gari kuwa, Theodore Parker, wanda yawancin limaman Yunitariyan suka ƙaurace wa bayan wa'azinsa na 1841, yana tara dubban mutane a zauren kiɗa da aka yi haya, inda ba mai benci. Cikin jama'arsa akwai bayin da suka gudo, ya ɓoye waɗansu a gidansa, ya ɗaura wa William da Ellen Craft aure cikin Nuwamba 1850 kafin su tsere Ingila. Ɗariƙa ɗaya, aƙida kusan ɗaya, bambancin yana wajen masu biyan kuɗin ɗaki.

Sabon gini da sauyin kalmomi

Cikin 1861, shekarar da yaƙin basasa ya fara, jama'ar ta tashi daga Titin Tarayya, wanda kasuwa ta cinye, ta koma Titin Arlington, a sabuwar unguwar da aka samu ta hanyar cike fadama. An kafa ginin bisa turakun itace 999 da aka buga cikin laka, an yi shi da kamannin wata majami'ar Landan, hasumiyarsa ta kai ƙafa 190. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa wajen 1930 aka sa tagogi 16 na gilashi mai launi, aikin kamfanin Tiffany, na ƙasa suna nuna labarin rayuwar Isa, na sama suna nuna albarkun da ya ambata cikin wa'azinsa bisa dutse. Zuriyar mutanen da suka fara ibada a rumfa, suna ƙyamar ado, ta wayi gari tana ɗaukar kyawun gini da kiɗa a kan wani sashe na ibada.

A wannan tsakani kalmomin ibada suka ci gaba da sauyawa cikin ɗariƙar baki ɗaya. Ralph Waldo Emerson, wanda ya ajiye limanci cikin 1832 sabo da bai yarda ya ci gaba da raba gurasa da ruwan inabi ba, ya gaya wa ɗaliban ilimin addini na Harvard cikin 1838 cewa mutum yana iya saduwa da gaskiya kai tsaye cikin ransa, ba sai ta hanyar mu'ujizan da aka ruwaito ba. Shi da abokansa sun karanta littattafan Hindu da waƙoƙin Farisa irin na Hafiz da Sa'adi. A hankali karatun ran Lahadi ya faɗaɗa, aka riƙa ɗauko nassi daga littattafan waɗansu addinai da na mawaƙa, a ajiye kusa da Littafi Mai Tsarki. Cikin 1933 mutum 34 suka sa hannu a wata sanarwa da ta ce addini na iya tsayawa a kan ɗan Adam da ilimin kimiyya, ba tare da dogara ga Mahalicci ba, da yawa cikinsu kuwa limaman Yunitariyan ne.

Wannan ya kawo matsala ta harshe. A benci ɗaya ga mai kiran Allah Uba, ga wanda ba ya kiran kowa, kuma ba kalmar shaida da za ta fitar da ɗayansu. Da wace kalma za a buɗe addu'a? Waɗansu limamai suka riƙe tsohon kira, waɗansu suka nemi kalmomi masu faɗi irin su ruhu da rai da ƙauna, waɗansu suka mai da wurin addu'a ya zama ɗan lokacin shiru, kowa ya cika shi da abin da ke zuciyarsa. Sunayen littattafan waƙa kaɗai sun isa shaida. Na Belknap na 1795 sunansa na nufin waƙa mai tsarki, wanda ɗariƙar ta buga cikin 1937 na nufin waƙoƙin ruhu, na 1964 kuwa na nufin waƙoƙin murnar rayuwa.

Da aka rage tsofaffin al'adun ibada sai aka ji kewarsu, aka ƙirƙiro sababbi. Mafi shahara ya fito daga birnin Prag, inda limamin Yunitariyan Norbert Capek ya shirya shi cikin 1923 domin jama'ar da ta bar cocin Katolika, ba ta kuma son gurasa da ruwan inabi. Kowa ya kan zo da fure ɗaya ya sa cikin tulu guda, in an tashi ya ɗauki wanda wani ya kawo. Matarsa Maja ta kawo al'adar garin Cambridge, ƙetaren kogi daga Boston, cikin 1940, ta bazu cikin majami'un ɗariƙar. Shi kansa Capek ya mutu a hannun 'yan Nazi cikin 1942, bayan sun tsare shi a sansanin Dachau. Cikin 1961 Yunitariyan suka haɗu da wata ɗariƙa mai koyar da cewa a ƙarshe Allah zai ceci kowane rai, shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar na farko kuwa shi ne Dana McLean Greeley, limamin Titin Arlington daga 1935 zuwa 1958. Kafin wannan lokaci al'adar sayen benci ta riga ta mutu a yawancin majami'un ƙasar, iko ya koma hannun taron membobi.

Shekarun 1965 zuwa 1969

Wanda ya hau mumbarin cikin 1959 shi ne Jack Mendelsohn, wanda ya rubuta littafi a kan addinai a Afirka cikin 1962, daga baya kuma ya rubuta tarihin rayuwar Channing. A zamaninsa tambayar 1840 ta komo sau uku.

Na farko cikin Maris 1965. Martin Luther King ya kira limamai su zo Selma ta Jihar Alabama, inda baƙar fata ke neman haƙƙin jefa ƙuri'a. Cikin waɗanda suka amsa akwai James Reeb, limamin Yunitariyan mai aikin gidajen talakawa a Boston. Ran 9 ga wata waɗansu farare suka doke shi da kulki, ran 11 ya cika. Ƙasa ta girgiza, Shugaba Johnson ya ambace shi gaban majalisa, aka sa hannu a dokar ƙuri'a ran 6 ga Agusta. Amma masu lura sun ga cewa Jimmie Lee Jackson, baƙar fata, wanda ɗan sandan jiha ya harbe cikin Fabrairu, wanda kuma mutuwarsa ce ta jawo tattakin, bai sami irin wannan makoki daga ƙasa ba.

Na biyu ran 16 ga Oktoba 1967. Yaƙin Biyetnam ya yi zafi, ana ɗibar samari aikin soja tilas, kowane saurayi kuma doka ta wajabta masa riƙe katin rajista. Wanda ya lalata katin yana iya shan ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000. A ranar, bayan taron dubban mutane a filin gari, aka shiga majami'ar Titin Arlington aka yi ibada da waƙa da addu'a da wa'azi. William Sloane Coffin, limamin Jami'ar Yale, ya yi magana, haka kuma Michael Ferber, ɗalibi a Harvard. Sa'an nan samari suka taso ɗaya bayan ɗaya. Mutum 214 suka miƙa katinsu ga malamai, 67 suka ƙone nasu a harshen kyandir, maɗorin kyandir ɗin kuwa na Channing ne. Ran 20 ga wata aka kai katunan Ma'aikatar Shari'a a Washington. Cikin Janairu 1968 gwamnati ta gurfanar da mutum 5, har da Coffin da Ferber da likitan yara Benjamin Spock. Aka sami 4 da laifi cikin Yuni, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin cikin 1969. Wannan karon ƙofa a buɗe ta ke, abin da doka ta kira laifi aka yi shi a tsakiyar ibada.

Na uku ya fi wuya, don ya shafi gida. Yawancin mabiya ɗariƙar farare ne masu ilimin zamani. Cikin 1968 babban taronta a Cleveland ya yi alkawarin dala miliyan 1 cikin shekara 4 ga wata majalisa da baƙar fata na ɗariƙar za su gudanar da kansu. Cikin Yuli 1969, a taron Boston, gardama ta tashi a kan wannan kuɗi da kuma ko ware majalisa ta baƙar fata ya dace da aƙidar haɗin kai. Wakilai baƙar fata suka fita, Mendelsohn ya ce shi ma ya tafi, ɗaruruwa suka bi shi zuwa Titin Arlington. An komo taro daga baya, amma cikin 1970 ƙarancin kuɗi ya sa aka rage biyan, baƙar fata da yawa suka bar ɗariƙar. Tsayawa gaban gwamnati ya zo wa jama'ar da sauƙi fiye da raba iko da kuɗi a cikin gidanta.

Abin da tarihin ya nuna

Cikin shekara 240 ɗin nan maganar ruhi ta tashi daga zunubin ɗan Adam ta koma darajarsa, al'adun ibada suka tashi daga Zabura tsantsa suka kai ga fure da shiru da nassin waɗansu addinai. Masu suka, daga cikin ɗariƙar da wajenta, sun daɗe suna cewa addinin da ya yi ta rage kalmomi don kowa ya shiga zai wayi gari ba shi da abin faɗi, ba kuwa za a ce ba su da hujja ba, tun da mabiyan ɗariƙar ba su taɓa yawa ba in an gwada da na manyan ɗariƙun Amurka. Amma abin da ya faru a Titin Tarayya da Titin Arlington ya nuna cewa koyarwa ɗaya ta tsaya tun daga Channing, watau darajar kowane mutum, ita ce kuma ta riƙa jawo maganar bawa da ta soja da ta baƙar fata cikin ɗakin ibada, ko masu ɗakin sun so ko sun ƙi.

Ga malamin da ke koyar da tarihin addini, abin amfani a nan shi ne hanyar bincike. Bai isa a karanta wa'azin da aka buga ba, don wa'azi yana nuna abin da limami ya ke so ne kawai. Sai a haɗa da littafin waƙa, a ga kalmomin da aka cire da waɗanda aka sa, a kuma nemi sanin mai biyan albashi da mai riƙe da mabuɗi. Wa'azin Baltimore na 1819 da hanin kwamiti na 1840 daga jama'a ɗaya suka fito, wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya bai san ta ba. Cikin 1903, shekara 100 bayan naɗin Channing, aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a gefen lambun gari, ƙetaren titi, yana fuskantar ƙofar majami'ar.